Ranar Da Anka Buɗe Kwamfutar Yaya Junaidu

Masu karatu, kun dame ni da tambaya guda a ƙasan kowane shafi: Uwaliya, mi kike jira da ba ki ba Hamidu amsa ba? Wata har ta rubuto mini wai yanga ce. To ba yanga ba ce. Yau zan gaya muku dalili, kuma wanda bai karanta na baya ba bai rasa komai ba, don daga nan maganar ta soma.

Ni ɗiyar Malam Siddiƙu ce, nan cikin Wurno. Shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a firamare. Mu biyu Inna ta haifa da sunka rayu, ni da Yaya Junaidu. Shekara huɗu ke nan rabonmu da shi.

Yaya Junaidu mutum ne na wasan kwamfuta. Ya sayo tsohuwa a hannun wani a Sakkwato lokacin yana makaranta, baƙar akwati mai kai mini gwiwa, da allonta daban, da wani abu mai ƙaho biyu da ake riƙewa a buga ƙwallo. In ya zauna gabanta sai ka taɓa kafaɗarsa kafin ya san ka shigo. Baba ya yi haƙuri shekara biyu. Ranar da labari ya zo cewa ya faɗi jarabawa karo na biyu, Baba bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗakin da wuƙar layya, ya datse wayar wuta gida biyu, ya ce, "Ko karatu ko akwatin ga. Gidana ba shi ɗaukar duka biyu."

Da safe ɗakin ba kowa. Layinsa a kashe har yau. Wani ya ce Agadas, wani ya ce Legas, wani ya ce ya ga mai kama da shi cikin motar da ke shiga Libiya. Baba ya hana a ambaci sunansa a gidan.

Inna ba ta yi musu ba. Ta dai ɗauke akwatin ta kai ɗakinta, ta aje shi bisa ɗan tebur kusa da kwabet ɗin kwanoninta, ta lulluɓe shi da farin leshi. Kowace Alhamis da yamma in ta turara tufafinta, sai ta tura kaskon turaren wuta ƙarƙashin leshin, ta bar shi har garwashin ya mutu. Wai kada kayan ɗanta su yi warin ajiya. Shekara huɗu ba ta tsallake Alhamis ɗaya ba.

Shi kuma Hamidu, ɗan Buba ne, Bafillace daga wajen Giyawa. Ya bar kiwo ya yi makarantar koyon sana'a, yanzu yana da shago a Goronyo, yana haɗa wa masu noman rani injin ban ruwa mai aiki da sola, yana taɓa gyaran waya da kwamfuta. Wata takwas da sunka wuce ya zo ya haɗa wa Baba sola a lambun albasa. Bayan mako biyu ya dawo ba kayan aiki, sai farar shadda da hula, ya aiko a yi sallama da ni. Baba ya yaba da shi. Inna ta yaba. Gwaggo Khadijatu, ƙanwar Baba, ita har ta fara zaɓen anko, kullum sai ta kira ni.

"Ke, mi ya rage? Yaro na da sana'a, na da kunya. Ko sai ya zo miki da shanun ubanshi ƙohwar gida?"

Ba wanda ya matsa mini dole, gaskiya. Amma kallo ma matsi ne. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, na riga na yi wa kaina alkawari ba ni barin gidan nan ban san ko yayana na raye ko ya mutu ba. In na tafi, wa zai zauna da Inna ranar Alhamis?

Ran wata Laraba bayan na taso makaranta, na gaji da ɓoyewa, na rubuta wa Hamidu a waya.

Ni: *Ina da wa, ya ɓace shekara huɗu. Ba ni aure sai na san halin da yake ciki. In ba ka iya jira, ban riƙe ka ba.*

Na ga alamar yana rubutu. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Har na ci tuwon rana na wanke hannu kafin saƙo ya shigo.

Hamidu: *Kwamfutarshi na nan?*

Na tsaya ina kallon wayar. Ban taɓa ce masa Yaya na da kwamfuta ba. Amma na ce wa raina, Wurno ƙaramin gari ne, labarin wuƙar Baba har masu tallan kunu sun san shi.

Ni: *Tana nan. Mi ya haɗa ta da maganata?*

Hamidu: *Mai wasa ba shi barin wasa. In shina raye, shina yi, ko a wayar aro. Kuma duk inda ya buga da sunanshi, wagga ta gida za ta nuna ranar, in anka haɗa ta da intanet. Sai dai ta tashi da abin da ke cikinta. Kada ki kai ta shago. Masu gyara in sun ga tsohuwa, fomatin suke mata kai tsaye, su share komi.*

Ni: *Kai ba mai gyara ba ne?*

Hamidu: *Ni mai nema ne. Gyaran kyauta ne.*

Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ji tsoro. Shekara huɗu ina son in sani. Yanzu an ce mini ga akwatin da zai faɗa, sai na ga rashin sanin ma yana da daɗinsa.

Shawo kan Inna ya ci kwana biyu. Farko ta ce a'a. Na biyu ta ce in Malam ya ji fa. Ran Juma'a da yamma tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce, "Gobe Malam zai tahi ɗaurin aure Rabah, sai bayan la'asar. Ba a hita da ita gidan ga. Nan tsakar gida za a buɗe ta, ina gani. Kuma gobe mai gyara na, ba baƙonki ba. Kada in ga kin ɗauko tiren baƙi."

Asabar ƙarfe tara babur ɗinsa ya tsaya. Ni na sa atamfata ruwan ganye mai zanen ganga, da hijabi ruwan toka har ƙasa. Na shafa hoda, na tuna maganar Inna, na goge rabi. Shi ya shigo da shuɗiyar rigar aiki mai aljihu shida, da jaka a kafaɗa, da batir da ƙaramar inbata mai juya wutar batir ɗaure cikin kwali. Ya durƙusa tun daga bakin zaure ya gaida labulen ɗakin Inna, don ita tana bayansa zaune bisa kujera 'yar tsugune, ƙafafunta kaɗai ake gani. Kun san kunyar surukai. Ko da yake ba a yi komai ba tukuna, Inna ba ta yarda su haɗa ido.

"Ce mai lahiya lau," in ji Inna, alhali tsakaninsu bai fi taku biyar ba.

"Ta ce lahiya lau."

"Na ji, na gode," ya ce da ƙasa.

Na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfa, na ɗauko akwatin da allon da kayansu. Leshin da na yaye ya yi ruwan ƙasa daga ciki. Ƙamshi ya cika tsakar gida kamar an buɗe ɗakin amarya.

Hamidu ya zazzage jakarsa bisa tabarma, ni kuma na zauna ina kallo, don ni mutum ce mai son sanin yadda abu ke aiki. Sukuddireba biyu. Burushin fenti sabo. Kwalbar sifirit da auduga. Wani ɗan sirinji mai farin mai a ciki. Wasu koraye biyu masu tsawon cokali cikin leda. Wani baƙi siriri da bai kai tafin hannuna ba. Da sabuwar wayar wuta a naɗe.

"Wa ya ce maka wayarta a yanke take?"

"Mai gyara ba shi tahiya ba waya."

Ya juya akwatin, ya kai hannu baya. Noti biyu ne ke riƙe murfin gefe, amma na ƙasa ya ɓace tun da daɗewa, Yaya ya ɗaure wurin da zaren kaba. Hamidu bai duba ba, yatsansa ya tafi kai tsaye wurin zaren ya kwance. Na gani. Na aje a raina.

Da murfin ya buɗe, sai ya ja baya kaɗan.

Ni na zaci ƙura za mu tarar. Ba ƙura ba ce. Komai na ciki ya yi ruwan zuma mai duhu, yana ƙyalli, yana danƙo. Fankar tsakiya ta daskare, ya tura ta da yatsa ta ƙi motsi. Ya goga auduga a jikin ƙarfen, audugar ta manne.

Ya rage murya. "Turaren Inna da sukari ake soya shi?"

"Duk turaren kirki da sukari ake soya shi. Sandal, hawi, farce, a zuba sukari."

"To ga sukarin nan. Shekara nawa?"

"Huɗu. Kowace Alhamis."

Daga bayan labule Inna ta ce, "Mi yac ce? Ta lalace?"

Na buɗe baki, ya riga ni, yana kallon tabarma. "Ki ce ma Inna turaren ya kore kyankyaso da ɓera. Ba don shi ba da sun cinye wayoyin tas."

Ƙafafun Inna sunka gyara zama. Rabin maganar gaskiya ce, rabi kuma ya ɗinka mata ne don ta sa. Ni dai na lura.

Awa ɗaya da rabi muna wanki. Ya cire fanka ya ba ni, ina bin fukafukanta ɗaya bayan ɗaya da auduga da sifirit har ta koma juyawa da hurawar baki. Ya ɗaga wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, a ƙarƙashinsa ga ɗan murabba'i mai girman kwalin ashana, ya ce shi ne ƙwaƙwalwar. Man da ke bisansa ya bushe ya zama kamar alli. Ya kankare, ya ɗiga sabo daga sirinjin, ƙwayar gero ɗaya tak.

"Iyakar shi ke nan?"

"In ya yi yawa ɓarna yake. Aikinshi ya kai zahi wurin ƙarhe, fanka ta kore shi. In ba shi, minti biyu za ta mutu, balle a bazarar ga."

Ya zaro wani faffaɗan kati mai tasa fankar, ya ce wannan ke zana 'yan ƙwallo a allo, tsoho ne amma zai yi, ba a taɓa shi sai wanki. Ya ɓanɓare ɗan batir mai kama da kwabo ya sa sabo, wai shi ke riƙe mata kwanan wata, in ya mutu sai ta farka tana zaton shekarar da anka ƙera ta ce, intanet kuma ba ya hulɗa da wanda bai san yau ba.

Ya haɗa inbata, ya danna. Fanka ta juya. Sai akwatin ya yi ƙara sau uku, tit, tit, tit, allo baƙi ƙirin.

"Ce mai mi ke nan?" Muryar Inna ta canza.

"Ram ya mutu," ya ce. Ya ga ban gane ba. "Kamar faifan tankaɗe ne. Komi yawan garin da ke rumbu, abin da faifai ya ɗauka shi kike aiki da shi. Nata guda ne, ƙarami, kuma ya ci turare. Na zo da biyu."

Ya zare tsohon, ya farke leda, ya danna koraye biyun nan a ramukansu. Ƙas, ƙas. Sun zauna kamar don wurin anka yi su.

"Duk iri ɗaya ne a duniya?"

"A'a. Iri-iri ne. In ba nata ba ne ko shiga ba shi yi."

"To ya anka yi ka san nata tun daga Goronyo, ba ka buɗe ta ba?"

Ya ɗauki burushi ya shiga share wurin da ya riga ya share. "Na shekarunta duk kusan ɗaya ne."

Na ce to. Uku ke nan na aje a raina: wayar wuta, zaren kaba, yanzu ga ram.

Karo na biyu allo ya kawo haske. Inna ta yi salati a hankali. Amma kafin in yi murna sai na ji wani sauti daga cikin akwatin, ƙyat, ƙyat, ƙyat, kamar ana taɓa cokali a bakin kofi. Hamidu ya fizge waya daga inbata da saurin da ban taɓa ganinsa da shi ba.

"Faifan ajiya ne. Akwai allura a ciki tana bin faranti, ta soma karce shi. Duk abin da muke nema nan yake. Ƙila tashi ɗaya ya rage mai, ƙila biyu. Ba ni kashe su a banza."

Ya nuna mini baƙin siririn nan. Sabon faifai ne, ba allura, ba abin da ke juyawa. Zai haɗa su biyu da kwamfutarsa ta hannu, ya kwafe tsohon kaf zuwa sabon, a tashi guda. In ya kai ƙarshe, an tsira. In tsohon ya tsaya a hanya, shi ke nan.

"Shi ke nan mi?"

"Shi ke nan kin samu kwamfuta mai kyau wadda ba ta san kowa ba."

Ya haɗa. Wani koren layi ya fito a allonsa da lamba a gefe. Ɗaya. Can biyu. Tsohon faifan na bisa tabarma yana ta ƙyat, ƙyat. Ya ce kada a taɓa tabarmar, kada kaza ta hau. Na zauna gadin kaji da mafici.

Anka kira azahar lamba na arba'in da uku. Ya tafi masallaci, na yi tawa a gefen rumfa ido ɗaya na kan allo, Allah Ya yafe mini. Da ya dawo na kawo masa ruwan randa a kofin silba da fura a kwanon gida, ba tire. Labule ya motsa.

"Ke, ba ki ga zuhwa yake ba? Sa mai nono da yawa. Ki ɗauko kwanon tangaran."

"Inna, kin ce mai gyara ne."

"Mai gyara ba mutum ba na?"

Hamidu ya kusa ƙwarewa.

Muna saba'in da takwas wayar Inna ta yi ƙara. Na ji tana "To, Malam. To. Allah Shi kawo ku lahiya." Ta kashe. Daga bayan labule ta ce, "An ɗaura da wuri. Sun ci abinci, mota suke jira."

Daga Rabah zuwa ƙofar gidanmu, in mota ta cika da wuri, ba ya kai awa. Na dubi Hamidu. In Baba ya shigo ya tarar da akwatin nan a buɗe tsakar gidansa da hannun mai neman ɗiyarsa a ciki, ba sai na ba kowa amsa ba, Baba zai ba da ita.

"Ka tattara ka tahi. Mu ƙarasa wata rana."

"In na cire yanzu, ba wata rana."

"Baba hwa?"

"Na san Malam. Na kuma san abin da kika rubuto mani ran Laraba." Bai ɗago ba. "In na tahi yanzu ma ai na rasa."

A tasa'in da ɗaya layin ya tsaya. Sautin ya sauya, ya koma ƙyat-ƙyat-ƙyat da sauri. Minti ɗaya. Biyu. Biyar. Na ji zufa na bin bayana cikin hijabi. Hamidu ya danna wani abu, ya ce ya ce mata ta tsallake wurin da ya karce ta wuce, Allah Ya sa ba nan abinmu yake ba. Lamba ta yi tsalle zuwa tasa'in da huɗu. Daga nan ta tafi har ɗari, tsohon faifan kuma ya yi wani dogon kuka ya yi shiru. Ya ɗauke shi ya jijjiga kusa da kunne, ya aje gefe.

Ya ɗaura sabon a cikin akwatin, ya mayar da murfi, ya danna.

A da, in Yaya ya kunna ta, sai ya je ya yi alwala ya dawo kafin ta gama tashi. Yau ban ƙirga ashirin ba sai ga hoton da ya sa a allo: shi da ni a bakin madatsar Goronyo ranar yawon Sallah, ina riƙe da rake, ya ɗora mini hularsa a ka. Labule ya buɗe. Inna ta fito ba mayafi, ta tsaya bayana.

Hamidu ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, ya buɗe wurin wasannin. Ta ɗau lokaci tana sabunta kanta, wani layin kuma, ni kuma kunnena na kan kowace mota da ta wuce bakin titi. Sannan ta buɗe, ba ta tambayi kowa kalmar sirri ba. Ga sunan Yaya a sama. Ga hoton wasan ƙwallon. A ƙasansa da ƙananan haruffan Turanci an rubuta ranar da anka buga shi na ƙarshe.

Jiya.

Na karanta sau uku. Na duba kwanan watan da ke kusurwa, daidai yake da na wayata.

"Mi ta ce?" in ji Inna.

"Ta ce jiya ya yi wasa, Inna."

Ta dafa kafaɗata, nauyinta duka ya sauko a kaina. Ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi ba. Ni kaina ne ya ƙi tsayawa. Idan wani ne ya sace sunan fa? Idan ya sayar? Na karɓe linzamin kwamfutar, ɗan abin da ake dannawa, daga hannun Hamidu, ya sakar mini ba musu. A gefe akwai jerin waɗanda ya yi wasa da su kwanan nan. Na danna.

Na farko a jerin, hotonsa farantin sola ne a bakin ruwa da jan babur a jingine. Hoton da nake gani kullum a wayata in saƙo ya shigo. A ƙasa an rubuta, jiya.

Na juyo. Ya riga ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu.

"Zaren kaba," na ce. "Wayar wuta. Ram."

"Ni na sa mata ram ɗin farko, a Sakkwato. Ɗakinmu ɗaya da Junaidu shekara biyu."

"Wata takwas kana zuwa zauren ga kana shan lemona, ka san yayana na raye."

"Ya sa na dafa Alƙur'ani ba ni hwaɗa ma kowa a gidan ga inda yake, ko cewa na san shi. Na dafa." Ya juya hular a hannunsa. "Ban dafa ba ni gyaran kwamfuta ba."

Ni ɗiyar malamai ce, na san rantsuwa, na san kuma masu neman ƙofa a jikinta. Ban san ko in jefe shi da kwanon tangaran ko in yi dariya ba. Kafin in zaɓa, Inna ta zagaye ni ta tsaya gabansa. Ba ta ce in ce masa ba. Ta dube shi cikin ido.

"Shina cin abinci?"

"Inna, na rantse ba ni hwaɗin inda..."

"Ban tambaye ka inda yake ba. Shina cin abinci?"

"Shina ci, Inna. Har ya yi ƙiba. Shina da aiki, shina salla."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna nan ƙasa bisa tabarma, gaban allon, ta sa hannu ta shafi hular da ke kaina a hoton.

Na ce wa Hamidu ya tattara kayansa. Na raka shi zaure, ba don ladabi ba, don ina da sauran tambaya ɗaya, kuma ba ta gaban Inna ba ce.

"Ni ka zo nema, ko aiko ka anka yi?"

"Aiko ni anka yi. Ya ce in karɓi aikin lambun Malam, in duba mai ku, in ga ko Inna na lahiya."

"Na gode da gaskiya. Sai ka koma ka ba da rahoto."

"Wancan zuwan farko ne. Na biyu, da shadda, bai san da shi ba. Har yau bai sani ba. Ina jin tsoronshi ya hi na Malam."

Sai aljihunsa na sama ya soma ruri. Ya ciro wayar, ya duba, fuskarsa ta sauya. Ya juyo mini da ita. Harafi ɗaya ne a allon, J.

"An aika mai saƙo cewa an buɗe sunanshi a tsohuwar kwamfuta. Ya san ba mai iya tada ta sai ni." Ya miƙo. "In na ɗauka, ƙarya zan yi ko in karya rantsuwa. Ke ba ki dafa komi ba."

Na karɓa. Tana ta rawa a tafin hannuna. A daidai nan na ji mota ta tsaya bakin titi, na ji muryar Baba yana sallama da abokan tafiya, yana ce wa direba Allah Shi kiyaye hanya.

Ban tsaya ba. Na juya cikin gida da gudu, na danna koren maɓallin amsawa, na durƙusa na manna wa Inna wayar a kunne. Daga inda nake ina jin muryar, ta yi kauri, amma ita ce.

"Hamidu, wa ya taɓa mani kwamfuta?"

Inna ta riƙe hannuna da wayar duka ta ce, "Ni ta, Junaidu."

Baba ya yi sallama a bakin tsakar gida. Ya sake yi. Ba wanda ya amsa masa.